Ranar Waliyyi Patrick: Bikin da Ya Girma a Ƙasar Mutane

A yawancin ƙasashe, ranar bikin ƙasa shugabanni a gida suke zama, su hau dandali su karɓi gaisuwar sojoji. A Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Birtaniya, abin a juye yake. Da zarar 17 ga Maris ta ƙarato sai gwamnatin Dublin ta watse. Firayim minista ya nufi Washington da kwanon gilashi cike da wani ɗan tsiro mai ganye uku, ya miƙa wa shugaban Amurka. Ministoci kuma kowa ya kama gabansa, wannan Ostireliya, wancan Ajantina, wani Japan. 'Yan adawa da 'yan jarida su yi ta surutu a kan kuɗin jirgi da na otal, baɗi kuma a sake.

Ba sakarci ba ne. Jama'ar tsibirin gaba ɗaya, kudu da arewa, ba su wuce miliyan 7 da 'yan kai ba, alhali a Amurka kaɗai sama da mutum miliyan 30 ne ke cewa daga can kakanninsu suka fito. Masu bikin suna waje, dole shugabanni su bi su. Wanda ba ɗan ƙasar ba kuma, in yana so ya gane Ranar Waliyyi Patrick, daga nan zai fara. Yawancin abin da yake gani a talabijin, da gagarumin fareti, da kogin da aka rina, da dogayen huluna kore, ba a Ailan aka ƙago su ba. Waɗanda yunwa da talauci suka kora ne suka raini bikin a ƙasar mutane, daga baya na gida suka aro daga wurinsu.

Shi kansa mai ranar baƙo ne. A Birtaniya aka haifi Patrick, lokacin da mulkin Rumawa ke shirin naɗe tabarmarsa a can. Ɗan gidan masu hali ne: mahaifinsa Calpurnius dikin ne a coci kuma mai muƙami a gari, kakansa limamin coci. Yana da shekara kamar 16 'yan samame suka tsallako teku daga Ailan, suka kwashe shi tare da ɗimbin jama'a. Shekara shida ya yi yana bauta, yana kiwo a daji cikin sanyi da ruwan sama, kuma shi da kansa ya rubuta cewa kafin nan addini bai dame shi ba, a wurin kiwon ne ya kama addu'a. Daga bisani ya gudu, ya yi tafiyar ƙasa mai nisa har ya sami jirgin ruwa, bayan shan wuya ya koma hannun danginsa. Da a nan labarin ya tsaya, da ba wanda zai san sunansa. Sai ya ce a mafarki ya ji mutanen ƙasar da aka bautar da shi suna roƙonsa ya dawo, ya kuwa koma da ƙafarsa, ya ƙare rayuwarsa yana wa'azi a cikinsu a matsayin bishop.

Rubutunsa biyu ne suka iso hannunmu, duka da Latin. Ɗaya shi ne wanda ake kira Confessio, inda yake kare kansa daga zarge-zargen manyansa na coci, yana ta ba da haƙuri a kan ƙarancin karatunsa. Ɗayan wasiƙa ce mai zafi zuwa ga mayaƙan wani basarake mai suna Coroticus, waɗanda suka afka wa mutanen da bai daɗe da yi musu baftisma ba, suka kashe na kashewa, suka sayar da sauran. Tsohon bawa ne ke yi wa masu cinikin bayi tas, kuma a ganina nan ne mutumin ya fi fitowa fili. A rubutun nan biyu babu maciji, babu ganye uku, babu kore. Ba ma shi aka fara turawa tsibirin ba, domin a 431 Paparoma Celestine ya aika wani bishop, Palladius, ga Kiristocin da ke can tun tuni. Ranar 17 ga Maris ranar rasuwar Patrick ce bisa ruwayar da aka gada, kuma mutanen Downpatrick da ke arewa ne ke nuna kabarin da ake dangantawa da shi.

Sauran labaran daga baya suka manne masa. A ƙarni na 7 wasu marubutan coci, Muirchú da Tírechán, suka rubuta tarihinsa cike da karamomi, a daidai lokacin da cocin Armagh ke neman a san cewa ita ce uwar majami'un tsibirin, kuma ba abin da zai tabbatar mata da haka kamar a ɗaukaka wanda ta ce shi ya kafa ta. Labarin cewa ya kori macizai cikin teku ya fi kowanne yaɗuwa, sai dai masana sun nuna tun bayan zamanin ƙanƙara tsibirin bai sami maciji ba, teku ta raba shi da sauran ƙasa kafin su iso. Shi kuwa ɗan tsiron nan, shamrok, wai da shi Patrick ya yi wa mutane misalin aƙidar Kirista ta Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ganye uku a kan kara ɗaya. Sai a 1726 labarin ya fito a littafin wani masanin tsirrai, Caleb Threlkeld, sama da shekara 1,200 bayan rasuwar waliyyin. Kuma a wurin da ya kawo labarin, nan ya koka a kan yadda masu ɗaura ganyen ke ƙarewa da maye. Ashe ƙorafin ma ya tsufa.

Wanda ya je wani ƙauyen Ailan a shekarun 1950 ranar 17 ga Maris, da ƙyar zai yarda cewa bikin da ake yi a New York ne. Da sassafe a shiga gona ko gefen hanya a tsinko shamrok, maza su maƙala a ƙirjin kwat ko a hula, ganyen da ɗan saiwarsa, kafin azahar ya yi yaushi. Yara a liƙa musu bajo na koren kyalle. Kowa ya tafi coci, a dawo a ci naman alade da kabeji da dankalin Turawa. Daɗin ranar ga yaro shi ne kusan kullum tana faɗowa a cikin azumin kwana 40 da Kirista ke yi kafin Ista, kuma a ranar ana sassautawa: wanda ya ƙaurace wa alewa ya sha alewarsa, wanda ya ajiye taba ya kunna. Manoma kuma da ita suke auna lokacin shukar dankali. Da dare mai sha ya ciro ganyen daga kwat ɗinsa, ya jefa a kofin ƙarshe, ya shanye, ya tsamo shi ya wurga ta bayan kafaɗar hagu. Amma ko wannan a gida ake yi, don daga shekarun 1920 har zuwa farkon shekarun 1960 doka ta rufe mashaya a ranar. A Dublin wurin da ake samun giya a bainar jama'a shi ne wajen wani baje kolin karnuka, kuma har yau ana ba'ar yadda mutanen da ba su da ko ɗan kwikwiyo suka riƙa cika wurin.

Akwai wata al'ada ta wancan zamani da ta fi taɓa ni. Tun farkon Maris iyaye mata ke cusa shamrok a 'yan ƙananan kwalaye, su kai gidan waya, a aika wa ɗa a Boston, ɗiya a Landan ko Liverpool. Ya isa a bushe ko a ruɓe, amma a hakan za a maƙala shi. Kusan kowane gida yana da wanda zai aika wa.

Dalilin haka yana cikin tarihin dankali. A ƙidayar 1841 mutanen tsibirin sun haura miliyan 8, kuma talakawan karkara, waɗanda ke noma gonakin haya na manyan masu ƙasa, da dankali suke rayuwa safe da dare. A 1845 wata cuta ta faɗa wa shukar, ta riƙa ruɓar da ita a cikin ƙasa, shekara bayan shekara. Kafin 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya sun mutu, sama da miliyan ɗaya sun shiga jiragen ruwa, alhali ana ci gaba da fitar da hatsi da dabbobi daga tashoshin ƙasar a ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Har yau yawan jama'ar tsibirin bai koma yadda yake kafin yunwar ba.

Faretin ranar ya riga yunwar. Tun 1737 'yan Ailan mazauna Boston ke taruwa a ranar, kuma New York na ƙirga faretinta daga 1762, lokacin da 'yan Ailan da ke cikin sojan Birtaniya suka yi maci. Amma yunwar ce ta mai da shi abin da ya zama. Waɗanda suka sauka a tashoshin Amurka matalauta ne, 'yan Katolika a ƙasar da Furotesta ke da iko, ana liƙa sanarwar neman ma'aikata a rubuta ban da su, jaridu na zana su da kamannin biri riƙe da kwalba. A 1844 an ƙona majami'un Katolika a Philadelphia. A irin wannan hali, mutum dubbai su tare babban titin gari sanye da tufafinsu mafi kyau, da ganguna da algaita mai jakar iska, ba shagali ba ne kawai. Nuna yawa ne. Cewa suke yi ga mu, muna da ƙuri'a, a ƙirga. 'Yan siyasa kuwa suka ƙirga. A 1948 Shugaba Truman ya halarci faretin New York, a 1960 kuma tattaɓa-kunnen waɗannan baƙi, John F. Kennedy, ya ci zaɓen shugaban ƙasa. Har gobe faretin New York yana riƙe da wannan ɗabi'a ta asali: ba motocin ado, tafiyar ƙasa ce zalla, mutum wajen 150,000 suna bin titin Fifth Avenue ƙungiya-ƙungiya, 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, makarantu, ƙungiyoyin 'yan gunduma kaza da gunduma kaza na can gida, rundunar soja ta 69 tana gaba. Wanda ya san zango a Kumasi ko Accra ba sai an yi masa dogon bayani ba. Jikan da bai taɓa taka Kano ba shi ya fi kowa ƙanƙame babbar riga da kirari ranar Sallah, don shi ne kullum ake tambaya ko shi ɗan ina ne.

A can Amurka aka ƙago yawancin abin da yau ake ɗauka gadon gargajiya ne. Naman sa mai gishiri da kabeji, wanda gidajen abinci ke tallatawa a matsayin abincin ranar, daga unguwannin talakawan New York ya samo asali, inda baƙin suka tarar da shi da araha a wurin mahauta Yahudawa maƙwabtansu, ya maye musu gurbin naman aladen gida. Mintsinin wanda bai sa kore ba wasan 'yan makarantar Amurka ne, in ka yi wa mutum shi a Dublin sai ya yi maka kallon mahaukaci. Ɗan aljanin nan mai jan gemu da tukunyar zinariya a gindin bakan gizo yana cikin tatsuniyoyin Ailan, baduku ne mai ɗinkin takalmi, mugun wayo gare shi, amma ba ruwansa da Patrick, masu talla ne suka haɗa su. Rina kogin Chicago kuwa a 1962 aka fara shi, kuma ƙungiyar masu gyaran famfo ce ke yi. Da ma suna amfani da wani rini don gano bututun da ke zubar da ƙazanta a kogi, sai aka lura da irin koren da yake bari. Garin rinin da ake watsawa daga kwale-kwale ruwan lemo ne, sai ya taɓa ruwa yake komawa kore shar.

Ko koren ma siyasa ce ta kawo shi. Da Sarki George na III ya kafa wata lambar girma da sunan Patrick a 1783, shuɗi aka zaɓa mata. Kore ya zama alamar masu neman 'yanci ne, musamman tun tawayen 1798, lokacin da sa shi kan jawo wa mutum fushin hukuma. Shi ya sa tutar Jamhuriyar Ailan take kore da fari da ruwan lemo (ta Kodebuwa ce in aka juya ta): kore na 'yan kishin ƙasa, mafi yawansu Katolika, ruwan lemo na Furotesta masu tunawa da nasarar Sarki William a yaƙin Boyne na 1690, fari kuma sulhun da ake fata a tsakaninsu. A Ailan ta Arewa, wadda har yanzu ke cikin Birtaniya, rikicin ɓangarorin biyu ya ci sama da rai 3,500 kafin yarjejeniyar 1998. Dukansu suna girmama Patrick, ya riga rabuwarsu da shekara dubu, amma launi a can ba ado ba ne. Baƙon da ya sa kore a Tokyo wasa yake yi. A wasu unguwannin Belfast magana ya yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Ailan kanta ta daɗe tana kallon duk wannan daga nesa. An mai da ranar hutun hukuma a 1903, gwamnatin sabuwar ƙasar da ta ɓalle daga Birtaniya ta shirya faretin soja a Dublin a 1931, daga baya abin ya koma jerin manyan motocin kamfanoni suna tallar hajarsu cikin yayyafi. Sai a tsakiyar shekarun 1990 hukuma ta farga cewa ranar da duniya ta san ƙasar da ita ta fi armashi a ko'ina fiye da babban birninta. A 1996 aka fara bikin Dublin na zamani, wanda yanzu ke ɗaukar kwanaki, da 'yan wasan titi da manyan mutum-mutumi da ayarin makaɗa na makarantun Amurka da ke tsallako teku don su yi maci. A 2010 hukumar yawon buɗe ido ta fara lallashin birane su haska shahararrun gine-ginensu da koren fitila. Talla ce, ba a ɓoye ba, kuma da wuya a sami ƙaramar ƙasar da ta iya ta kamar Ailan.

Farashin tallar shi ne giya ta hau kan bikin ta zauna. Abin takaici a nan, hoton ɗan Ailan mashayi mai faɗa, wanda aka zana don a wulaƙanta kakanninsu, shi ne yau baƙi ke sayen hularsa da gemunsa na roba suna kwaikwayo da sunan taya murna. A wasu mashayun Amurka har akwai wani haɗin barasa da aka laƙaba wa sunan bam ɗin mota, kuma wanda ya rasa ɗan'uwa a rikicin arewa ba zai ji daɗin wannan raha ba. 'Yan ƙasar da yawa suna ƙyamar yadda tsakiyar Dublin ke zama da daren ranar, suna barin ta ga masu yawon buɗe ido. Nasu bikin yana garuruwan karkara, inda faretin bai wuce taraktoci, da ƙungiyar ƙwallon yara, da makaɗan gari, da wani da ya sa gemun auduga da hular bishop yana korar macizan roba ba. Makonni biyun da suka gabaci ranar kuma an keɓe su don raya harshensu na asali, Gaeilge, wanda Ingilishi ya kusa shafewa. Wanda ba ya shan giya bai rasa komai ba a cikin wannan.

Mai karatu a Najeriya yana da rabo a ranar fiye da yadda zai zata. A 1961 shugabannin cocin Katolika na ƙasar, waɗanda da yawansu 'yan Ailan ne a lokacin, suka ayyana Patrick a matsayin waliyyi majiɓincin Najeriya. Ƙungiyar mishan da ke ɗauke da sunansa, wadda aka kafa a Kiltegan a 1932, don aiki a Najeriya aka kafa ta. A arewa ma sawunsu a fili yake: sistocin St Louis sun iso Kano daga Ailan a 1948, makarantarsu na nan a Bompai, Kwalejin Rimi da Kwalejin Sarauniya Amina a Kaduna makarantun mishan ne kafin gwamnati ta karɓe su, babbar cocin Katolika ta Maiduguri sunan Patrick take amsawa. In ka ji ɗan Najeriya mai suna Patrick, to sau da yawa wannan tarihi ne ya raɗa masa. Sai dai abin da ya zo nan tsohon salon ne, na coci da makaranta, ba na New York ba. Ba a rina kogin Kaduna.

A Montserrat kuwa, wani ɗan tsibiri a yankin Karibiyan da ke ƙarƙashin Birtaniya, 17 ga Maris ranar hutu ce ta hukuma, kuma hatimin da ake buga wa baƙo a fasfo hoton shamrok ne. 'Yan Ailan sun zauna a can tun shekarun 1630, wasu a matsayin 'yan ƙodago, wasu kuma suka zama masu gonakin rake da bayi 'yan Afirka. A 1768 bayin suka shirya tawaye, suka zaɓi ranar Patrick don sun san iyayen gidansu za su shagala da sha. Asiri ya tonu kafin ranar, aka rataye waɗanda aka ce su ne jagorori. Jikokin bayin nan, da yawansu masu sunayen dangi irin na Ailan, su ne ke bikin a yau. Suna yin sama da mako guda suna yi, da kaɗe-kaɗe da raye-rayen dodanni masu tushe a Afirka, mata sanye da tufafin ƙasa mai kore da ruwan lemo, kuma waɗanda aka rataye ɗin ne ake ambata a jawaban ranar.